Saukowata Daga Hawa na Ashirin da Biyu

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan shafi. Waɗanda suka aiko suna tambayar dalilin shiruna na mako biyu, na gode da kulawarku. Waɗanda kuma suka turo mini hoton wata yarinya rataye a jikin bene suna tambaya ko ni ce, amsar ita ce e, ni ce. Tunda hoton ya riga ni isa Kano, ya kamata bayanin ya bi bayansa.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Nuriyya, shekarata ashirin da shida, ina rubuta takardun kaya a wani ofishin kago, wato jigilar kaya, da ke unguwar Port Saeed a Dubai. Ofishin a hawa na ɗaya yake, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa na karɓi aikin, na bar wani mai albashi mafi tsoka a hawa na goma sha tara. Ina tsoron tsayi. Ba irin tsoron da wasu 'yan mata suke yi don a riƙe musu hannu ba. Idan zan bi matakalar lantarki ta tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, bayan rigar wanda ke gabana nake ƙura wa ido har mu isa. Shekara huɗu ina zaune a garin da mutane suke biyan kuɗi don su hau sama su kalli ƙasa, ban taɓa fita barandar gidanmu ba, alhali hawa na uku ne kacal. Shanya ma a bayan ƙofa nake yi.

Goggo Barira yayar mahaifina ce. Ita ta kawo ni Dubai bayan rasuwarsa, ita ta nema mini biza, a ɗakinta nake kwana. Shekara goma sha tara tana dafa wa 'yan kasuwar Kano abinci daga wani ɗan ƙaramin kicin a Al Muraqqabat: tuwon shinkafa, miyar kuka, dambu ranar Juma'a. Duk Bakanon da ya sauka Deira sarin yadi ko wayoyi, kafin ya gane hanyar masaukinsa ya riga ya samu lambar Goggo. A cikin azumin bara aka gano ciwon daji a hantarta. A farkon Janairu likita ya kira ni ni kaɗai, ya tura ƙofa, ya ce an zo ƙarshen abin da magani zai iya yi. Na tambaye shi ko zan mayar da ita gida. Ya ce ba zai sa hannu a takardar hawa jirgi ba, domin ba ya jin za ta sauka da rai.

Abin da ya rage shi ne zafi. Goggo ba ta ihu. Gefen mayafinta take cizawa, har na tara mayafai uku masu huji a wuri ɗaya. Ƙwayoyin da aka ba mu sun daina kai ta daga azahar zuwa la'asar, kuma allurar da take bukata ba a yarda a yi ta a gidan haya mai ɗakunan katako ba.

Akwai wani gida a bayan gari inda ake karɓar irin su Goggo. Ba sa yi wa kowa alƙawarin warkewa. Aikinsu su kashe zafi, su yi wa mutum wanka, su juya shi, su bar danginsa su zauna kusa da shi har lokacin da Allah ya nufa. Na je na gani da idona. Mai kula da karɓar majinyata, wata Basudaniya mai furfura da kowa yake kira Sista, ta nuna mini ɗaki mai taga ɗaya, ta ce za ta riƙe mini gadon har ranar Litinin ta ƙarshen wata, ƙarfe goma sha biyu na rana. Bayan haka akwai wasu a layi. Inshorar da ke kan bizar Goggo ba ta san da irin wannan gida ba, don haka sai in nemo kuɗin gadon kafin ranar.

Goggo kuwa ba ta san komai daga cikin wannan ba. A gidanmu ba a gaya wa mara lafiya cewa ba zai tashi ba. Ana ce masa jiki da sauƙi, ya ƙara haƙuri. Niyyata idan gadon ya samu in ce mata wurin hutawa ne.

Na fara da Alhaji Ɗanladi, shugaban 'yan kasuwarmu, a ofishinsa na Abu Hail. Ya saurare ni yana jan carbi.

"To 'yata, a wannan gidan, wane irin magani ake yi?"

"Na kashe zafi, Alhaji."

"Daga nan sai a warke."

"A'a, Alhaji."

Ya cire tabarau, ya goge shi da bakin babbar rigarsa, ya mayar.

"Wato in tara 'yan'uwa in ce su kawo kuɗi mu kai Hajiya Barira inda za ta jira mutuwa cikin sanyin na'ura. Ke yarinya ce mai ilimi, amma ilimin nan yana da gefen da ba namu ba. Mu ba ma fid da rai ga wanda yake numfashi."

Ya ba ni kwalbar zumar Yaman da man habbatussauda, ya sa direbansa ya ajiye ni a tasha. Zumar mai tsada ce, ban musa ba. Goggo ba ta iya haɗiye ko rabin cokali.

Sista ce ta nuna mini ɗaya hanyar. A ƙasar nan mutum ba ya tashi kawai ya tara kuɗin taimako. Sai ta hannun ƙungiya mai lasisi. Akwai wata irin wannan ƙungiya da take shirya saukowa da igiya daga saman wani bene a Port Saeed, duk shekara cikin sanyi. Wanda ya shiga sai ya nemo masu ɗaukar nauyinsa, abin da suka bayar da sunansa ya tafi ga majinyacin da ya zaɓa. Na tambaye ta hawa nawa ne. Ta ce ashirin da biyu. Na ce mata na gode, na fita, na yi amai a bayan motar wani bawan Allah, na dawo na cike takardar.

Yanzu sai in gabatar muku da Abdulganiyyu, ga waɗanda ba su san shi ba. Dillalin kwantena ne, dogo, mai farar jallabiya wadda ba ta taɓa sanin ƙurar sito ba, duk da a sito yake wuni. Wata takwas yana nemana. Ya iya sallama, ya iya durƙusa wa Goggo, ya iya zaɓen turare. Manyansa za su je gidanmu a Kano bayan Sallah. Da na gaya masa abin da na sa hannu a kai, sai da ya ajiye kofin shayinsa don ya yi dariya da kyau.

"Ke? Ke da ba kya leƙa taga?"

"Ni."

"Su wa za su ɗauki nauyin naki?"

"Shi ne ban sani ba. Alhaji ya riga ya sallame ni da zuma."

Ya juya makullin mota a yatsa. Sai ya ce, "Bar ni da su, habibti. Ke kin je musu da takardar likita. Bakano ba a zuwa masa da takarda."

Na tura masa shafin ƙungiyar inda ake biya, na ce ta nan kuɗin za su bi. Ya ce mutanenmu ba sa danna irin waɗannan abubuwa, hannu da hannu suka sani; zai tattara, shi ya zuba gaba ɗaya.

Kwana uku bayan nan ya fara turo mini hotunan hirar zaurensu na WhatsApp, wanda mata ba sa ciki. Wane ya ce zai bayar da kaza a kan kowane hawa. Wane ya ce idan 'yar gidan Hajiya ta sauko da ƙafarta zai ninka. Wani ya ce shi dai a ajiye masa wuri a gaba. Har da sunan Alhaji Ɗanladi, a sama. Na lura duk hotunan an yanke musu kai, ba a ganin saƙon farko da kowa yake amsawa. Na lura, masu karatu, na kuma zaɓi in ɗauka rashin iya ɗaukar hoto ne. Mace idan tana so ta yarda cewa saurayinta ya yi abin da ya gagare ta, ba ta rasa dalili. Na rubuta masa: "Allah ya saka da alheri. Me ka ce musu?" Ya amsa: "Sirrin dillali ne," da hoton zuciya guda biyu.

Labari ya isa Kano kafin in shirya. Umma ta turo saƙon murya.

"Nuriyya, abin da nake ji gaskiya ne? Wando za ki sa ki yi lilo a kan maza? Mutanen nan za su zo bayan Sallah, da wane ido zan kalle su? An ce har ɗaure mutum ake yi ta cinya. Ke ba ki da kunya ne, ko Dubai ɗin ce ta cinye ta? Ki bari yaron nan ya yi abin da ya ga zai iya, shi namiji ne..."

Saƙon minti huɗu ne da daƙiƙa goma. Sunan Goggo ya fito a daƙiƙa takwas na ƙarshe, inda aka ce in gaishe ta da jiki.

Ranar Asabar na tashi da asuba na yi wa Goggo wanka da tsumma, na shafa mata man zaitun a ƙafa, na kunna turaren wuta don ya rufe warin ciwo. Na ce mata an kira ni aiki. Safiatou, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi da ke ɗakin da katako ya raba mu, ta karɓi zama da ita. Na sa riga da wando irin na matan Pakistan, launin toka, rigar har gwiwa, na sa wani wandon a ciki, na ɗaura ɗankwali baƙi na ɗora ƙaramin hijabi. Na dubi madubi. Ban yi kama da mai lilo ba. Na yi kama da wadda za a kai kotu.

Ƙarfe tara muna saman benen. Mu goma sha ɗaya ne, yawancinsu Turawa masu gajeren wando, suna ta ɗaukar hoto kamar an zo biki. Mai kula da igiya wani gajeren ɗan Nepal ne, fuskarsa ba ta nuna ya taɓa jin mamakin komai. Wata ma'aikaciya ta ɗaura mini ɗamara a ƙugu da cinya, ta ja har numfashina ya tsaya, ta kifa mini hular kwano a kan hijabi, ta ba ni safar hannu. Umma ta yi gaskiya game da cinyar.

Ni ce ta bakwai. Tsakanin inda nake tsaye da bakin benen bai fi taku goma ba, na yi su kamar mai tafiya a cikin kunu. Wayata ta yi ƙara a aljihu kafin a karɓe ta. Abdulganiyyu ne: "Mun cika ƙasa, har Alhaji ya zo da kujerarsa. Kada ki ba ni kunya."

Na miƙa wa ma'aikaciyar wayar.

"Juya bayanki, 'yar'uwa," in ji ɗan Nepal, cikin Larabcinsa na kasuwa. "Dugaduganki a baki. Yanzu ki zauna."

"In zauna a kan me?"

"A kan iska. Yalla. Shwaiya shwaiya, a hankali."

Babu abin da jikin ɗan Adam ya ƙi kamar wannan. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na karanta Falaƙi da Nasi, na karanta addu'ar hawa abin hawa, da na ga sun ƙare na karanta ta shiga kasuwa, domin ita ta rage mini. Mutumin bai matsa mini ba. Ya dubi agogonsa kawai, ni ma idona ya faɗa kan agogon: tara da minti arba'in. Ƙwayar da na ba Goggo kafin in fito saura minti ashirin ta sake ta. Na san yadda za ta laluba gefen mayafi ba tare da ta buɗe ido ba, don kada ta dami Safiatou.

Na zauna a kan iska.

Hawa na ashirin da biyu zuwa na goma sha biyar, takalmana kawai nake kallo a jikin gilashi. Igiya tana zamewa ta cikin safar hannu, zafinta yana ratsowa. A wani hawa na ga mutum a teburinsa yana cin gurasa da wake. Ya ɗaga mini hannu, ni kuwa saboda tarbiyya na ce masa sannu da aiki. A hawa na goma sha huɗu iska ta taso daga ruwa, ƙafata ta zame, na juya gaba ɗaya, bayana ya bugi gilashi, fuskata ta kalli sarari.

Na ga komai, ban roƙa ba. Na ga mashigin ruwan Deira, da jiragen katako an jibga musu firji da tayoyi. Na ga titi kamar zare. Na ga huluna, farare da masu aiki, kamar an watsa gero a kan tabarma, kowace hula da waya a sama. Wannan shi ne hoton da ya iso muku, wanda a ƙarƙashinsa wani ya rubuta "jaruma". Jarumar a lokacin fitsari take riƙewa da dukan imaninta. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. An ce minti biyu. Na sa gwiwar hannu na tura gilashin, na juyo, na ci gaba da sauka ina ƙirga hawa da baki, ina ce wa kaina kowane ɗaya kwana ne da Goggo za ta yi barci.

Daga ƙarshe ƙafata ta taɓa ƙasa. Na zube a kan tabarmar roba. Aka yi kabbara, aka yi tafi. Abdulganiyyu ya ratso mutane da robar ruwa, yana murmushi irin na wanda dokinsa ya ci tsere. Alhaji Ɗanladi ya miƙe daga kujerarsa, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kun gani. 'Yar halak ta yi nata, mu ma mun yi namu. Abin da kuka tara yana hannuna, ban bar shi ya kwana ba. Na yanki tikiti uku, na tura kafin alƙalami asibitin can Indiya. Ranar Laraba in sha Allahu Hajiya Barira za ta tashi, a yi mata aiki, ta dawo ta ɗora mana tukunya."

Aka sake kabbara. Ni ina zaune a ƙasa, hular kwano ta karkace, ina kallon Abdulganiyyu. Shi kuma ya samu wani abu mai muhimmanci a jikin robar ruwan yana karantawa.

"Alhaji," na ce, muryata kamar ta aro. "Likita ya ce ba za ta iya hawa jirgi ba."

Ya sunkuyo da fara'a. "Wancan likitan ya ce, 'yata. Akwai likitoci da yawa a garin nan. Za a samu mai sa hannu. Na ji daɗi da kika dawo kan hanya. Da ma na san wancan zancen ba naki ba ne."

Mutum arba'in suna kallona da wayoyi a kunne, ina sanye da ɗamara a cinya. Na ce, "Na gode, Alhaji." Ku rubuta wannan a cikin laifuffukana, ni ma na rubuta.

A mota Abdulganiyyu ya kunna na'urar sanyi ya ƙure ta, kamar ita za ta yi maganar.

"Me ka ce musu?"

"Nuri, ki sha ruwa tukuna."

"Me ka ce musu, Abdul?"

"Na ce an samu likita a Indiya. Me kike so in ce? Ke kin faɗa musu gaskiya, me kika samu? Zuma. Ni niyyata in karɓi kuɗin in zuba inda kika ce, daga baya in san yadda zan yi da bakinsu. Sai Alhaji ya ce amanar jama'a ce, a hannunsa za ta zauna. Jiya da yamma ya gaya mini ya yanki tikiti."

"Jiya."

"Jiya."

"Ka san tun jiya, ka bar ni na hau."

"Idan ba ki hau ba ai sai su ce ƙarya muke yi."

Na dube shi don in ga ko ya ji abin da ya faɗa. Bai ji ba.

"Juya mota mu koma wajensa. Ka gaya masa da bakinka. Ko rabin kuɗin ne a dawo da shi, Sista za ta karɓa."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Kin san rabin kwantenonin da nake lodi nasa ne. In tsaya a gabansa in ce na yaudari 'yan kasuwa arba'in? Wa zai sake ba ni ko kwali ɗaya? Da me zan riƙe ki? Don Allah ki yi tunani. Kuma wa ya sani, Nuri? Allah ne mai warkarwa. A je ɗin mana."

"Za ta mutu a kujerar jirgi, tsakanin mutum biyu da ba su san sunanta ba."

"Tikiti uku ne. Muna tare da ita."

Ban san me ya sa wannan ya ba ni dariya ba, amma na yi, har ya tsorata. Ya ce shi ke nan, mu bar maganar sai na huta. Muka bar ta. Daga Port Saeed zuwa Al Muraqqabat tafiyar minti goma ce, muka yi ta kamar baƙi biyu a tasi.

Tun daga matakala na ji muryoyin mata. Takalma sun cika bakin ƙofarmu, masu tsini da masu duwatsu. Matan 'yan kasuwa ne, su shida, cikin leshi da gwala-gwalai, Hajiya A'i matar Alhaji tana gaba. Wata uku Goggo tana kwance, yau ce ranar farko da suka gane hawa na uku. Suna fitowa ina shiga. Kowace ta rungume ni, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta bar mini turarenta a wuya.

Goggo tana zaune. Rabon da in gan ta zaune ba tare da na tallafe ta ba tun kafin sabuwar shekara. An jingina ta da matasai uku, ta ɗaura ɗankwalinta mai ruwan goro wanda take ajiye wa Idi. Babban akwatinta yana buɗe a ƙasa, an jera zannuwa a ciki. Hannuwanta biyu suna kan cinyarta, tafin a sama, an yi musu ƙunshi, lallen bai gama bushewa ba.

Safiatou ta ja ni gefe. "Ma chérie, me zan ce mata? Sun shigo da albishir tun ƙarfe goma. Ita ta ce in kwaɓa mata, wai ba za ta shiga ƙasar mutane da farin hannu ba."

"'Yar nema," in ji Goggo, muryarta siririya amma da dariya a ciki. "Aiki aka kira ki, ko? An nuna mini aikin a waya. Ke da ko kujera ba kya hawa ki sauko mini da tukunya."

Na durƙusa a gaban gadon. Abdulganiyyu ya tsaya a bakin ƙofa yana gaisuwa, ta amsa masa da sa albarka mai tsawo. Ta ce a sa mata baƙin takalminta a akwati, da ɗan turminta na yaji, domin an ce abincin can ba ya da daɗi. Tana magana gumi yana tsattsafo mata a goshi. Na ga haƙoranta sun nemi gefen mayafi, ta fasa, saboda akwai baƙo.

Wayata ta yi ƙara. Sista ce. Na kife ta a kan katifa.

Goggo ta dubi wayar, ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Shekara huɗu muna kwana ɗaki ɗaya. Ta san fuskata idan na ci albashi, ta san ta idan na yi ƙarya.

"Safiatou, ɗan ba mu wuri. Kai ma, ɗana."

Suka fita. Aka ja ƙofar katako.

"Ke kike shiga wajen likita," ta ce. "Ke kike karanta takardun. Ni ban tambaye ki ba, ke ma ba ki faɗa ba, mun yi wa juna kara. Yanzu ina tambaya. Idan na hau jirgin nan, zan dawo?"

Da za a ba ni zaɓi a lokacin, da na koma saman benen.

"A'a, Goggo."

"Zan isa?"

"Likita ya ce ba ya jin haka."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannuwanta ta kalli lallen, gaba da baya, kamar na wata ne.

"Da ma na sani," ta ce. "Tun azumi na sani. Yau ne kawai, da matan nan suka shigo, na ce ko ni ce ban sani ba." Ta sauke hannuwan. "Da kin dawo da wuri, da ba a ɓata lallen ba."

Na gaya mata sauran, da ɗakin mai taga ɗaya, da allurar, da ranar Litinin, da inda kuɗin suka tafi, da wanda ya kai su can. Ban rage komai ba. Wayar ta sake yin ƙara a ƙarƙashin hannuna.

"A can ɗin, ana barci?"

"Ana yi, Goggo."

"To ɗauki wayar. Ki ce wa matar ta riƙe gadon." Ta lumshe ido, ta jira zafin ya wuce, ta buɗe. "In kin gama ki kira mini Ɗanladi. Ki ce ba saƙo ba ne, ni nake kiransa, ya zo da ƙafarsa kafin magariba."

"Abdul fa? Yana waje."

"Ya tsaya a wajen," in ji Goggo. "Idan Ɗanladi ya iso, tare za su shigo."